Dalma Biyu a Wutsiyar Jirgin Ovide

Catahoula, Louisiana
Litinin, 5 ga Maris, 1973

Ɗana Ovide,

Ina gaishe ka da matarka Lorene, da fatan sanyin Kansas ya fara sakin ku. Ni lafiyata lau, ban da gwiwar hagu da ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Kawunka Alcee yana nan yadda ka bar shi, sai haƙori ɗaya da ya ragu. Ruwan fadama yana ta hawa, masunta sun ce rabon su da ganin irinsa an daɗe.

Ka duba da kyau, wannan ba rubutun Mis Verna ba ne. Nawa ne daga sama har ƙasa, kwana uku na yi a kansa. Mis Verna ta ce cikin mu bakwai da ke zuwa koyon karatu a ɗakin taron coci ranar Talata, ni ce na fi taurin kai, shi ya sa na riga kowa. Shekara hamsin da tara ina miƙa wa mutane wasiƙata su ji sirrina kafin ni in ji. An gama wannan. In za ka rubuto, ka yi manyan baƙaƙe, kada ka haɗa su da juna.

To, maganar wutsiyar jirginka da ka kawo mini da Kirsimeti. Na gama. Ɓangaren nan mai motsi sama da ƙasa, wanda nake ce wa ƙyaure kana dariya, na lulluɓe shi da yadin da ka bari, na ɗinke a kan kowane haƙarƙari da doguwar allura, ƙulli bayan ƙulli, tazarar yatsa biyu kamar yadda ka zana mini. Na shafa man nan mai warin tsiya sau uku a baranda. Yadin ya ɗame, in ka ƙwanƙwasa kamar ganga. Alcee ya tsaya yana kallo, ya ce, "Azema, ko rigar aurena ba ki yi wa irin wannan ɗinki ba." Na ce, "Auren naka ai ba sama za shi ba." Ya ce duk da haka sai da ya faɗo.

Norris mai babbar motar shinkafa zai bi ta garinku ranar Alhamis, shi zai kawo maka. Na naɗe shi da barguna biyu, ka dawo mini da su.

Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Kana yini a masana'anta kana haɗa jiragen mutane da ƙarfe, ka dawo gida ka shiga gareji kana haɗa naka da katako da gam. Amma tun kana yaro ba a hana ka abu. Kullum kana cewa nauyi shi ne abokin gabar jirgi, na riƙe wannan magana. Na kuma sa maka wani abu na babanka a cikin ƙahonnin nan biyu da ke gefen ƙyauren, don ya riƙe ka a sama. Ba a gani, yadi ya rufe.

Ina nan ina ɗinkin rigunan bikin Ista. Na samu dunƙulen dalma biyu masu kyau da nake danne yadi da su in ina yanka, sun fi dutsen guga.

Allah ya tsare mini kai.
Uwarka, Azema Theriot

Newton, Kansas
Lahadi, 29 ga Afrilu, 1973

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Lorene. Muna lafiya. Ki ce wa Kawu Alcee ya adana sauran haƙoran, zan zo da nama mai tauri. Mun ga ruwanku a talabijin, ki gaya mini in ya kai matakalar baranda.

Wasiƙarki tana jikin bangon gareji, na kafe ta da ƙusa. Duk wanda ya shigo sai na nuna masa. Ki gafarce ni da jinkirin amsa, jirgi ne ya cinye ni.

Ya tashi, Mama. Ranar bakwai ga wata, daga filin ciyawar wani manomi. Mai duba jirage na gwamnati ya shafa wutsiyar ya ce wane kamfani ya yi wannan ɗinki. Na ce kamfanin yana Catahoula, yana kuma dafa miyar gumbo. Na yi wa jirgin fenti ruwan ƙwai. Yanzu awa goma sha ɗaya ke nan na yi a sama, a hankali, ban wuce mil ɗari da goma a awa ba. Abin Baba da kika sa, na san lambar nan ce mai hoton waliyyi da yake ratayawa a wuya. Na gode. Ba ta da nauyin da zai dame ni.

Akwai labari marar daɗi. Kin tuna Harlan Voth, dattijon da ya koya mini wannan aiki, wanda ya ci gumbonki kwano uku yana hawaye don barkono? Ya rasu ranar Asabar kafin Ista. Muna tsaye a filin mu shida muna kallonsa. Ya zo wucewa ta kanmu a jirginsa da gudu kamar yadda ya saba. Muka ji wani ruri, sai muka ga fiffiken dama ya rabu da jirgin yana juyawa shi kaɗai. Matarsa tana cikin mota da abincin rana a cinya. Shekara goma sha huɗu yana tuƙa jirgin nan, shi ya ƙera shi, kuma ba mu da wanda ya fi shi kula. Har yau in na rufe ido ina ganin fiffiken.

Abin da ya kashe shi muna ce masa karkarwa. Kin san yadda bakin zanen gado ke yi a kan igiya in iska ta taso. Ƙyauren fiffike ko na wutsiya ma haka yake yi in nauyinsa ya rinjaya baya. A tafiyar hankali ba ya nunawa. Akwai gudun da in jirgi ya kai, sai ƙyauren ya fara kaɗawa, ya ja fiffiken, fiffiken ya ja shi, kowanne yana zuga ɗan'uwansa, kafin mutum ya ƙirga uku abin ya yage. Harlan ya cike wata lotsawa a bakin ƙyaurensa, ya ƙara fenti biyu don ya yi kyau, bai sake aunawa ba. Abin da ya ƙara bai kai nauyin kofin gahawa ba.

Na gaya miki ne don hankalinki ya kwanta, ba don ya tashi ba. Nawa ba zai yi haka ba. A cikin ƙahonnin nan biyu na ɗaure dalma, laba biyu kowanne, don gaban ƙyauren ya yi daidai da bayansa kamar sikeli. Da hannuna na auna a watan Nuwamba, har na bar rarar nauyin yadi da fenti. Dalmar nan biyu su ke riƙe da raina.

Ranar Asabar mai zuwa, biyar ga Mayu, da safe, zan gwada shi da gudu. Zan hau sama sosai, in riƙa ƙara mil biyar biyar, ina ɗan bugun sandar tuƙi in ga ko girgizar za ta mutu da kanta, har in kai ɗari da sittin. Kowa sai ya yi wannan gwaji. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki, Ovide

Catahoula
Asabar, 5 ga Mayu, 1973

Ovide,

Ban san ko kana raye za ka karanta wannan ba. Ina zaune a kan buhun shinkafa a kantin Mista Wiltz, kusa da tarho, shi ya ba ni takarda. Ka yi haƙuri da layin.

Babu dalma a wutsiyar jirginka. Ni na cire su.

Da zan lulluɓe ƙyauren na ji gefensa da nauyi. Na kwance ƙusoshi huɗu na ɗan murfin katakon, na ga dalma. Ovide, shekara arba'in ina zaune da babanka yana gyaran taru. Dalma a bakin ƙasa ake ɗaura ta don ta nutsar da shi. A bakin sama ɓawon itacen nan marar nauyi ake sawa, irin na toshe kwalba, don ya ɗaga shi. Ban san wani aikin dalma ba sai nutsarwa. Na ce yaron nan ya danne katako da ita don gam ya kama, ya manta bai cire ba. Na ce yau zan yi masa abin da zai gode mini. Na ciro ɓawo biyu daga tsohon tarun babanka, na fere su daidai ramin, na mayar da murfi, na ɗinke yadi a kai. Shi ne abin babanka da na ce maka. Lambar waliyyi tana wuyansa, da ita aka binne shi. Dalmar kuwa su ne nake danne yadi da su. Na ma rubuta maka, ban san me nake rubutawa ba.

Wasiƙarka ta zo tun ranar Alhamis. Shafi uku ce. Kai ka san yadda nake karatu, da yatsa, baƙi bayan baƙi. Na ce zan riƙa karanta shafi ɗaya kowace safiya da gahawa, don ta daɗe mini. Alhamis na karanta jirgi ya tashi, na zagaya maƙwabta ina faɗa. Juma'a na karanta mutuwar Harlan, na kasa ci gaba, na tafi coci na kunna masa kyandir. Yau da safe na ɗauki shafi na uku. Da na kai inda ka ce su ke riƙe da ranka, na ɗaga kai, ga su a kan teburin ɗinki, a kan rigar 'yar maƙwabciyata Eula.

Da Mis Verna na kai wa, kamar da, da tun Alhamis na sani.

Na fita ba takalmi. Alcee yana wanke kwale-kwale, ya ce, "Wa ya mutu?" Na ce tashi motar. Ya ga fuskata bai sake tambaya ba. Ƙarfe tara saura muka iso nan. Mista Wiltz ya buga lambar gidanku, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya buga wa 'yan sandan garinku. Wata mata ta ɗauka, na karɓa, sai Turancina ya gudu, Faransancinmu na gida kaɗai ke fita. Mista Wiltz ya karɓe ya yi mata bayani. Ta ce, "Wane filin? Manoma masu filin jirgi a nan sun fi goma." Ya dube ni. Na buɗe wasiƙar na bi ta da yatsa tun daga farko. Ba ka faɗi sunan manomin ba. Ta ce za ta tura mota ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ƙarfe biyu ta wuce. Muna bugawa kowane rabin awa. Alcee ya zauna a bakin ƙofa ya cire hula. Mutane suna shigowa sayen gishiri suna fita a hankali.

Norris zai kai wannan gidan waya. In Lorene ce ta buɗe, 'yata, ga gaskiyar, kada ki bari a ɗora wa wani. Ni ce.

Azema

Catahoula
Laraba, 16 ga Mayu, 1973

Ɗana,

Ina gaishe ka. Lafiyata ba abin faɗa ba ce, ina ci in Eula ta tsaya a kaina. Ruwa ya tsaya a matakala ta biyu, ya fara janyewa.

Sai ranar Lahadi bayan coci Lorene ta ɗauki tarho. Ta ce, "Yana raye, Mama. Ya sauko da ƙafarsa." Na zauna a ƙasan kantin. Ta ce, "Ya yanke yadin ya buɗe ƙahonnin." Na ce ba ni shi. Ta ce kana gareji, ka ce ba yanzu ba.

Kwana goma ke nan. Ban san me ya faru a sama ba. Ban san ko ka ji rauni ta ɓoye mini ba. Kullum ina tsaye a bakin akwatin wasiƙa kafin mai kawowa ya iso, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Ban ce ka yafe mini ba. Ka rubuto ko zagi ne, zan karanta. Talata biyu ban je wurin Mis Verna ba. Ta zo har gida, na ce mata karatun da ya sa na ajiye ran ɗana kwana biyu a ƙarƙashin gwangwanin sukari, na gode, ya ishe ni.

Dalmar suna nan. Na kasa taɓa su, na kasa jefar da su.

Uwarka

Newton, Kansas
Lahadi, 27 ga Mayu, 1973

Mama,

Ina gaishe ki. Ba ni da rauni, sai wuyan hannun dama da ya kumbura kwana huɗu. Lorene lafiya, ita ta ajiye mini takarda da biro a kan farantin abinci ta ce ba ci sai na rubuta. Wasiƙunki biyu sun zo. Na rubuta uku kafin wannan na yaga, gara da ba ki gan su ba.

Ga abin da ya faru. Na hau sama. Ɗari da goma sha biyar lafiya, da ashirin lafiya, da talatin lafiya. A ɗari da talatin da biyar na ɗan bugi sandar, sai ta fizge daga hannuna. Jirgin duka ya ɗauki ƙara kamar keken ɗinkinki in kin taka shi da ƙarfi, na daina ganin agogunan gabana. Na tuna abu ɗaya da Harlan ke faɗa, a kashe gudu. Na janye mai, na cafko sandar da hannu biyu na ɗaga hancin. Ya tsaya. Waɗanda ke ƙasa sun ce bai kai daƙiƙa uku ba. Na sauko a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Motar 'yan sanda ta iso ina zaune a kan ciyawa, ɗan sandan ya ce, "Kai ne Theriot? Uwarka ta ce kada ka tashi."

Babban katakon ƙyauren ya tsage daga tsakiya, maɗauri ɗaya ya tumɓuke. Na sa wuƙa na buɗe ƙahon, ɓawo ya faɗo hannuna da baƙaƙen sunan Baba da ya ƙona a jiki. Na daɗe ina kallonsa ban gane abin da nake gani ba.

Na yi fushi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma duk zaman da na yi a garejin nan, abin da na kasa gujewa shi ne wannan. Doka ce a wurinmu, bayan yadi da fenti a sake rataye ƙyaure a auna. Aikin rabin yini ne. Ban yi ba. Tun ranar farko na ga sandar tana faɗuwa gaba in jirgin yana ƙasa, na ce nauyin fenti ne, zan duba. Bayan jana'izar Harlan na tsaya ina ce wa mutane kowa ya je ya auna nasa. Lorene ta ce, "Kai fa, malam mai wa'azi?" Na ce nawa na auna shi tun Nuwamba. Kika rubuta kin sa abu a ƙahonnin, ban tambaya ko mene ne ba. Kuma na bar miki dalma a ɓoye wata biyu ban taɓa gaya miki aikinta ba, don ina ganin ɗinki kawai kika iya.

Akwai kuma wannan. Mu huɗu muka duba ƙyauren. Katakon ya rabu biyu, abin da ya hana shi tashi ya bar ni shi ne yadin. Ko ƙulli ɗaya bai saki ba. Na ƙirga su.

Ina ƙera sabon ƙyaure. Zan kawo shi a watan Yuli ki ɗinka, ba ni da wani kamfanin. Bayan fenti za mu rataye shi a baranda mu auna tare, ki gani da idonki. Ki ba Norris dalmar ya kawo mini. Ɓawon Baba na ɗaure su a ƙarƙashin kujerata, inda nauyi ba ya cutarwa.

Ki koma wurin Mis Verna. Ba jinkirin karatunki ne ya kusa kashe ni ba, kuma ba ni da niyyar komawa rubuta wa uwata ta hannun wata.

Ɗanki, Ovide

Catahoula
Litinin, 4 ga Yuni, 1973

Ɗana Ovide,

Ina gaishe ka da Lorene, ka ce mata na gode da farantin. Gwiwa da sauƙi. Wasiƙarka a tsaye na karanta ta a bakin akwati, daga farko har ƙarshe, rana tana dukana. Ba zan ƙara ajiye shafi don gobe ba. Na koma wurin Mis Verna, ta ce kujerata tana nan.

Norris zai taso ranar Laraba da dalmar. Amma ka saurara. Da zan naɗe su na ga gefen ɗaya yana ƙyalli kamar an yanka. Na kai su kantin Mista Wiltz na ɗora a sikelin nama. Ɗaya laba biyu cif. Ɗayar ta gaza da oza uku.

Na tsare Alcee a bakin ruwa. Ya ce bai san zancen ba. Na ce ya dube ni. Ya ce, "To, tun cikin azumin Ista ne, ɗan guntu na yanka don ƙugiyar kifi, ina na san ta jirgi ce? Bai fi kan yatsa ba." Na ce na Harlan ma bai kai kofin gahawa ba. Ya je ya kwance shi daga igiyar ya kawo mini a jiƙe. Yana cikin kunshin, a ƙulle a ƙyalle daban.

Na rubuta nauyin kowacce a jikinta da manyan baƙaƙe. Kada ka yarda da rubutuna. Ka auna da kanka, ka rubuto mini abin da ka samu, kuma har yau ba ka dawo mini da bargunana ba.

Uwarka, Azema Theriot